Sigarin lantarki: kwafi, jabu da orijina

Kwafin sigarin lantarki, wanda masu harkar ke kira kulon, na'urar zuƙar tururin nikotin ce da wata masana'anta ta ɗauki zanen wani kamfani daban ta ƙera irinta sak ko kusan sak, sannan ta sayar a farashin da wani lokacin ko kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin orijina bai kai ba. Yawancinsu daga Shenzhen suke fitowa a kudancin China, musamman yankin Bao'an, wanda dama can nan ne ake ƙera mafi yawan sigarin lantarkin duniya, na asali da na kwaikwayo duka. Gardamar a saya ko kar a saya ta fi zafi tsakanin 2013 da 2015 a Amurka da Turai, daga baya ta lafa, sai kuma ta dawo da wata fuska daban lokacin da ƙananan nan da ake zuƙa a yar suka cika kasuwa.

Inda abin ya samo asali

Sigarin lantarki na zamani wani mai harhaɗa magunguna ɗan China ne ya ƙirƙiro shi a 2003, sunansa Hon Lik, mashayin taba ne sosai kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Kamfanin Ruyan ya fara sayarwa a 2004, kuma tun ba a je ko'ina ba wasu masana'antun suka shiga kwaikwayonsa, kaga kenan kwafi tare suka taso da sana'ar tun tana jaririya. Na farkon nan masu kama da karan sigari ba su da ƙarfi, batir ɗinsu baya daɗewa, shine wasu masu sha'awa suka fara gyara tocilan suna maida ita mazubin batir babba, daga nan aka samu sunan mod, wato abinda aka yi wa kwaskwarima.

Cikin ƴan shekaru sai ga ƙananan maƙera a ƙasashe daban-daban suna fitar da kaya masu kyau amma ƴan kaɗan. Atmomixani a Girka suka yi Nemesis, Mojo a Koriya ta Kudu suka yi Chi You, JD Tech a Filifin suka yi Stingray, SvoëMesto a Jamus suka yi tankin Kayfun, tanki shine mazubin ruwan nikotin da ake ɗaurawa a saman mod. Kowanne da lambarsa a jiki, kuɗinsa daga dala 100 ne zuwa sama, wasu har sun haura 200, kuma ko kana da kuɗin a hannu ba lallai ka samu ba, sai ka shiga layi ka jira watanni ko ka saya hannun wani da ya ninka kuɗin. Wannan giɓin ne kamfanoni irinsu Hcigar, Tobeco, EHPro da daga baya SXK suka cike, abinda ake jira wata uku sai gashi a dala 20 ko 30, a aiko maka har gida.

Kwafi daban, jabu daban

Anan mutane suka fi ruɗewa. Kwafi a ma'anar masu harkar shine wanda mai sayarwa ya faɗa maka gaskiya cewa wannan ba na kamfanin asali bane, kuɗinsa ma kaɗai ya isa ya gaya maka. A cikinsa akwai wanda siffar kawai aka ɗauka ba a sa tambarin kowa ba, akwai kuma wanda ake ce wa 1:1, shi kam harda tambari da zanen jiki da lambar ƙira duk an kwafe, har akan samu ɗaruruwan na'urori masu lamba iri ɗaya. Jabu kuwa shine wanda aka saka a kwali irin na kamfani aka sayar maka a matsayin orijina, da kuɗin orijina ko ɗan ƙasa kaɗan dan kar ka yi zargi. Duk wanda ya taɓa sayen cajar waya aka tambaye shi "orijina kake so ko mai sauƙi" ya san na farkon, wanda kuma aka rantse masa cewa orijina ce ta mutu bayan sati biyu ya san na biyun. Ta fuskar doka, kwafe tambari keta haƙƙin alamar kasuwanci ne ko an faɗa wa mai saye ko ba a faɗa ba, saidai ƙaramin maƙeri mai ma'aikata biyar a Atina ina zai samu kuɗin shari'a da masana'anta a China.

Me ake tararwa in an buɗe kwali

Mod ɗin da aka fi kwafa shine wanda ba shi da fanel ko kaɗan, wato ƙwaƙwalwar lantarki mai sarrafa wuta, bututun ƙarfe ne kawai, ko tagulla ko jan ƙarfe ko ƙarfen da baya tsatsa, da makunni a gindi da wurin ɗaura kai a sama. Abu mai sauƙi haka in dai injin yanka ƙarfe na da kyau to kwafin ma zai yi aiki, shi yasa da yawa suka ce basu ga bambanci ba. Bambancin yana ɓoye ne a ƙananan wurare. Ka murɗa murfin orijina zaka ji yana tafiya sumul, na kwafi mara kyau kuma sai kaji ƙaras-ƙaras kamar da yashi a haƙoran, wani lokacin makunnin ya maƙale, ko sifirin ɗinsa ya ɗau zafi a yatsa saboda wuta bata wucewa yadda ya kamata. Tankin kwafi sau da yawa yana zuwa da warin man inji, har da ɓurɓushin ƙarfe a lungunan ciki, dole a wargaza shi gaba ɗaya a wanke da ruwan ɗumi da sabulu kafin a zuba komai, zoben robar da ke hana yoyo kuma ba wuya ya tsinke ka wayi gari ruwan ya jiƙe maka aljihu. Sannan ba ka da tabbacin irin ƙarfen da aka yi amfani dashi, tagulla mai arha tana iya ɗauke da dalma, robar da ke raba wayar wuta biyu kuma in ba mai jure zafi bace narkewa take yi.

Abin haushin shine babu tabbas ko a kamfani ɗaya, zubin wannan watan ya yi kyau na wata mai zuwa ya zo a karkace, kuma in ya lalace babu garanti babu wanda zaka kira.

Masu fanel kuwa lissafinsu daban ne. Akwatin Hana Modz na Amurka da ke ɗauke da fanel ɗin DNA 30 na kamfanin Evolv an kwafe shi sosai a 2014, jikin ya yi kama amma ƙwaƙwalwar ciki ba ita bace, alhali ƙwaƙwalwar ce ke yanke wuta in waya ta haɗe ko batir ya yi ƙasa da yawa.

Batir

In akwai inda araha bata ado a wannan harkar to nan ne. Batir ɗin da aka fi amfani dashi shine 18650, sunan ma awonsa ne, faɗi milimita 18 tsawo 65. Masu ƙera na kirki ƴan kaɗan ne, Samsung, LG, Panasonic, Molicel, da Sony wanda ya sayar wa Murata sashen batir ɗinsa a 2017, kuma da yawansu sun sha faɗa cewa basu yi shi dan a riƙa sawa a sigari ba. In ya cika caji yana bada bolt 4.2. A bututun da ba fanel, ƙarfin wutar da za'a ja ya dogara ne kacokan akan koyil ɗin da mutum ya naɗa, wato zaren wayar da ke ɗaukar zafi ya maida ruwan tururi, koyil mai om 0.5 zai ja amfiya 8.4, mai om 0.15 kuwa amfiya 28 zai ja, alhali sanannun batura irin Samsung 25R iyakarsu wajen amfiya 20 ne. To ka ɗauka batir ɗin ma jabu ne, tsoho ne da aka ciro daga mataccen laftof aka sake masa sabuwar riga aka buga suna babba a jiki, ai magana ta ƙare. Alama ɗaya mai sauƙi: 18650 na gaske cajin da yake ɗauka baya wuce wajen mAh 4,000, duk wanda kaga an rubuta 9,900 a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta.

In batir ya yi zafi fiye da kima iskar gas yake fitarwa, in bututun bashi da ramukan da zata fita sai ya zama kamar an toshe bakin bindiga. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga gobara da fashewa 195 na sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016, da yawa a cikin aljihu suka faru, inda batir tsirara ke haɗuwa da makulli ko sulalla. A 2018 wani mutum ya mutu a Florida, a 2019 wani a Texas, duk na'urar ce ta fashe musu. Bututu orijina na dala 200 ma zai fashe in aka sa masa mugun batir, ƙarfen bai san kuɗin da aka saye shi ba.

Abinda kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan kwafi hujjarsu itace mutum ya zo barin taba ne ba gasar ado ba, in dala 25 zata raba shi da kwalin sigari meye na jiran ya tara 200, wasu kuma su ce suna gwada kwafin ne tukunna in ya musu sai su nemi na asali. Masu adawa suka ce sata ce kawai, wani ya kwana shekara yana zane da gwaji wani ya zo ya auna da ma'auni cikin sati biyu ya cika kasuwa. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma kwafe tambarin mutum da lambarsa kam da wuya a samo masa uzuri, tunda ba ya ƙara wa na'urar komai sai sauƙaƙa wa mai son damfara.

Yadda kasuwar ta juya

Abinda ya rage wa kwafi kasuwa ba kotu bace, kamfanonin China ne da kansu suka fara fitar da nasu zanen. A ƙarshen 2014 Eleaf ya fito da iStick, ƙaramin akwati mai fanel da kariya a ƙasa da dala 50, Aspire da Kanger suka kawo tankuna masu ƙarfi da ba sai ka naɗa koyil da hannu ba, sai ya zama orijina mai garanti kuɗinsa ɗaya da kwafi. Kwafi ya koma lungun masu son kayan alfarma irin Billet Box.

Jabu ne ya gaje wurin. Sigarin Juul da ya fito a 2015 ya sha fama da kwas na bogi, wato ƴan mazuban ruwan da ake maƙala masa, daga baya Elf Bar da ire-irensa na zuƙa-ka-yar suka zama abin kwaikwaya, kuma anan matsalar ta fi muni dan a rufe suke, ba ka ganin batir ba ka san me aka zuba a ruwan ba. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2016 ta ƙayyade nikotin kar ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, tanki kar ya wuce mililita 2, mai jabu kuwa ba ruwansa da wannan. Ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019, wanda ya kwantar da mutum 2,807 a asibiti ya kashe 68 zuwa Fabrairun 2020, an danganta yawancinsa da wani mai na bitamin E da ƴan kasuwar bayan fage ke sirka ruwan wiwi dashi suna ɗurawa a kwalaye masu kyan gani. Wannan ba yana nufin orijina lafiya bane, nikotin ɗin dai shine kuma yana kama mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa take yana cutarwa, Indiya ta haramta shi gaba ɗaya a 2019, Birtaniya ta hana na zuƙa-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025.

Manyan kamfanoni yanzu suna manna takarda a kwali wadda ake kankarewa a ga lamba, a shigar a shafin kamfanin ya faɗa maka ko nasu ne da kuma sau nawa aka taɓa duba lambar. In ya nuna an duba ta sau da yawa kafin kai, to kwafe ta aka yi aka buga a kwalaye da yawa. Wasu masu jabun ma har shafin dubawar suke ƙirƙira nasu, ka ɗora kyamarar waya akan lambar ta kai ka can, ya nuna maka koren maki ya ce orijina ne.