Binciken ACE kan wahalhalun ƙuruciya

Binciken ACE (gajeren sunan Adverse Childhood Experiences, wato wahalhalun ƙuruciya) wani babban nazari ne na lafiyar jama'a da aka gudanar a birnin San Diego na jihar Kalifoniya a Amurka tsakanin 1995 da 1997. An tambayi manya sama da 17,000 irin gidan da suka tashi a ciki, sannan aka kwatanta amsoshinsu da halin lafiyarsu a lokacin. Dakta Vincent Felitti na kamfanin kiwon lafiya na Kaiser Permanente da Dakta Robert Anda na hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, su suka jagoranci aikin. Sakamakon farko ya fito a 1998.

Asali

Lamarin ya samo tushe daga asibitin rage ƙiba da Felitti yake kula da shi a shekarun 1980. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne fiye da rabin masu zuwa suna daina zuwa, kuma da yawansu a daidai lokacin da ƙibar ta fara zubewa. Kamar yadda ya sha bayyanawa, wata rana bakinsa ya suɓuce: maimakon ya tambayi wata mata shekarunta lokacin da namiji ya fara kusantarta, sai ya tambaye ta nauyinta. Ta ambaci nauyin da bai wuce kilo 18 ba, ta fashe da kuka. Daga nan ya fara yi wa sauran irin wannan tambaya, ya tarar da yawa an ci zarafinsu suna yara, kuma babu likitan da ya taɓa tambayarsu.

Tambayoyin

An raba wahalhalun gida goma. Uku cin zarafi ne: duka, zagi da wulaƙanci, da lalata. Biyu sakaci ne, na ci da sutura da kuma na rashin kulawa da ƙauna. Sauran biyar sun shafi gidan kansa: dukan da ake yi wa uwa, shaye-shaye, taɓin hankali ko tsananin damuwa ga wani a gida, mutuwar auren iyaye, da ɗaure wani ɗan gida a kurkuku. Kowane ɗaya maki guda ne, muddin ya faru kafin mutum ya cika shekara 18.

Abin da aka gano

Kusan biyu cikin uku sun ce sun ga aƙalla ɗaya, kusan ɗaya cikin takwas kuma sun ga huɗu ko fiye. Waɗannan ba talakawa ba ne. Galibinsu fararen fata ne masu ilimi da inshorar lafiya, da yawa sun haura hamsin. Wahalhalun ba sa zuwa su kaɗai: gidan mashayi sau da yawa shi ne gidan duka. Kuma gwargwadon yawan maki, gwargwadon haɗari. Masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su da ko ɗaya sau 4 zuwa 12 wajen shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, haka kuma ciwon zuciya, na hanta da na huhu sun fi yawa a cikinsu. Wani nazari na 2009 kan waɗanda suka rasu daga cikin mahalarta ya nuna masu maki shida ko fiye sun mutu da wuri da kusan shekara 20.

Matsalar tuna baya

Duk ginin ya tsaya ne kan abin da babba ya tuna, nan kuma masu suka suka fi kamawa. A 2019 mai bincike Jessie Baldwin da abokan aikinta suka haɗa nazarce-nazarce da dama, suka gano fiye da rabin waɗanda aka rubuta an ci zarafinsu suna yara ba su ambaci hakan ba da suka girma, haka kuma fiye da rabin masu ambatawa babu wata shaida tun daga wancan lokaci. Wannan ba ya nufin ƙarya suke yi. Abin cikin gida ba kasafai yake kaiwa kotu ko takarda ba, kuma wani ya tashi yana ɗaukar duka tarbiyya ce. A 2020 masu bincike Andrea Danese da Cathy Widom suka nuna cewa matsalar taɓin hankali ta fi bin abin da mutum yake tunawa da kansa fiye da abin da ke takardun kotu.

Makin kuma ba ya auna tsanani ko tsawon wahala, ba ya lissafa kakar da ta riƙe yaro ko malamin da ya tsaya masa. Nazarin Emmy Werner kan yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka a 1955 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin mawuyacin hali sun girma lafiya lau. Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa makin na nazarin jama'a ne, bai dace a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jerin tambayoyi don sauran ƙasashe, inda ta ƙara mutuwar iyaye, cin zalin tsara, rikicin unguwa da yaƙi.