Dokar Hana Auren Jinsi: Me Ta Ce, Wa Take Iya Kamawa a Legas?

Majalisar Tarayya ta kammala aikin dokar a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Dokar tarayya ce, saboda haka tana aiki a Agege da Idi-Araba kamar yadda take aiki a Kano. Bambancin shi ne Legas ba ta cikin jihohi 12 na Arewa da ke hukunta laifi bisa Shari'ar Musulunci, ba Hisba kuma. Magana ce ta 'yan sanda da kotu.

Namiji da namiji, ko mace da mace, in suka ƙulla aure, ɗaurin shekara 14 ne kan kowanne. Ko a Amurka aka ɗaura, takardar ba ta da amfani a nan. Masallaci da coci an haramta musu ɗaura shi.

Inda mutane ba su cika lura ba shi ne sauran laifukan da hukuncinsu ɗaurin shekara goma ne. Wanda ya ɗaura auren, da wanda ya tsaya shaida ko ya taimaka, da mai kafa ƙungiyar masu neman jinsi ko shiga cikinta, duk sun shiga. Haka wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Nan ne dokar ta bar ƙofa a buɗe, domin ba ta fayyace me ake nufi da nunawar ba. Mu kuwa aboki ya riƙe hannun abokinsa suna tafe daga masallaci zuwa kasuwar Mile 12 tsohuwar al'ada ce, zumunci ne kawai. Baƙon da bai san mu ba na iya yi mata wata fassara.

Goyon bayan jama'a ga dokar ba a ɓoye yake ba. Binciken cibiyar Pew ta Amurka a 2023 ya nuna kashi 2 cikin ɗari ne kacal na 'yan Najeriya suka amince da auren jinsi. Amma rinjayen ra'ayi ba hujja ba ne a gaban alƙali, kuma babu sashen da ya ba 'yan unguwa ikon duka ko karɓar kuɗin toshiyar baki daga wanda ake zargi.

A 2018 'yan sanda suka kama mutum 57 a wani otal a Egbeda da ke Legas, aka gurfanar da 47 a ƙarƙashin wannan doka. A Oktoban 2020 Babbar Kotun Tarayya ta yi watsi da ƙarar, saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidunsu.