Waiwaye: Tsohon sojan da ya rasu ana gobe za a karrama shi

Ranar 10 ga Nuwamba, 1998, Allah ya yi wa Abdoulaye Ndiaye rasuwa a ƙauyensu na Thiowor da ke arewacin Senegal, yana da shekara 104. Kwana ɗaya tak ya rage Faransa ta maƙala masa babbar lambar girmanta, a daidai cikar shekara 80 da tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ne na ƙarshe da aka sani a raye cikin baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa wancan yaƙi. Ya ga daga a Dardanel da ke ƙasar Turkiyya a 1915, aka kuma ji masa rauni a yaƙin Somme da aka gwabza a arewacin Faransa a 1916. Lambar da ya kamata ya karɓa yana da ƙarfinsa, sai da ƙasa ta kusa rufe idonsa aka tuna da ita.

Asalin lamarin ya faro ne a 1857, lokacin da gwamnan mulkin mallaka Louis Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira sojojin Senegal. Sunan yana ruɗar mutane, domin daga baya har da mutanen ƙasashen da yau ake kira Mali, Gini, Burkina Faso da Nijar a ciki. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sai aka yanka wa sarakuna da masu gari adadin samarin da kowa zai kawo. Wasu suka gudu daji, wasu suka tsallaka ƙasashen da ke hannun Turawan Ingilishi, wasu yankunan kuwa suka yi tawaye. Duk da haka an kwashi kusan mutum 200,000, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ga shi tsugune cikin rami, laka har gwiwa, jar hula a kansa, yatsun ƙafarsa suna ruɓewa don sanyi.

Amma abin da ya fi ci wa 'yan mazan jiyan nan tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo bayan sallama. A ƙarshen 1944 aka dawo da wasu sojojin rundunar da suka yi zaman fursuna a hannun Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu, aka sauke su a barikin Thiaroye kusa da Dakar. Kuɗin albashinsu da aka riƙe kawai suka nema. Da safiyar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 aka kashe, masana tarihi da dama na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne.

Sannan ga maganar fansho. A Disambar 1959, ana daf da bai wa ƙasashen 'yanci, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka a inda yake. Na Bafaranshe yana hawa duk lokacin da kaya suka yi tsada, na ɗan Afirka yana nan cik kamar an dasa shi. Mutum biyu sun kwana rami ɗaya, harsashi bai tambayi launin kowa ba, amma ran biya ɗaya ya cika aljihu, ɗaya ya koma da abin da bai kai ya kawo ba. A ganina wannan ya fi ƙarfin a kira shi sakaci. Lissafi ne aka yi da gangan, ana jiran mutuwa ta rage masu bin bashin.

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. A Nuwambar 2001 babbar kotun harkokin gwamnati ta Faransa ta ce nuna bambanci ne, alhali shi ya riga ya rasu tun 1996. Aka yi ta gyaran ganga, ana ƙara kaɗan-kaɗan, har kotun tsarin mulki ta sa baki a 2010, aka daidaita fanshon daga Janairun 2011. A lokacin galibin masu haƙƙin suna kabari.

Akwai kuma waɗanda suka maƙale a Faransa cikin 'yan ɗakunan haya, saboda doka ta ce sai mutum ya zauna can wata shida a kowace shekara kafin a ba shi tallafin tsufa. A farkon 2023 aka ɗage musu wannan sharaɗi. A watan Afrilun shekarar, dattawa tara, ƙaraminsu ya haura shekara 80, suka hau jirgi zuwa Dakar wasu sanye da kwat, wasu da manyan riguna, lambobin yaƙi jere a ƙirjinsu, domin su ƙarasa kwanakinsu a tsakiyar jikokinsu.