Hoton CT ba ya bar wa ƙarfe guba

Har yanzu akwai masu gudun taɓa kayan da aka yi wa hoton CT (hoton eksire da ke nuna cikin abu ba tare da an fasa shi ba) a masana'anta, wai hasken eksire ya maƙale a jikinsu. Tsoron ya daɗe, amma ba shi da tushe. Hasken yana ratsa ƙarfe ne kamar rana ta gilashi. Da an kashe na'ura, babu abin da ya saura.

Wajen ɗaukar hoton, misali, ana ɗora sashen injin mota na alminiyam kan faifai, yana juyawa digiri 360 ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su ta tona 'yan ramukan iska da suka ɓuya a ciki lokacin zubi. Haɗarin yana kan mutum ne sa'ad da na'ura ke aiki, shi ya sa ake killace ta da dalma.