Don Allah ku daina ƙara murfi

Makon nan kaɗai gonaki uku na shiga a wajen Ajiwa, duk labari ɗaya. Ganyen masara ya huhhuje kamar rariya, ka buɗe tsakiyarta ka tarar da kashin tsutsa kamar dussa, ita kuwa tana kwance abinta. Na tambayi wani dattijo murfi nawa na maganin ƙwari ya zuba a tankin feshi. Ya ce, "Malam, huɗu, don ta ji a jikinta." Takardar jikin kwalbar kuwa murfi ɗaya ta ce. Baba, ai masarar ce ta ji a jikinta. Bakin ganye duk ya ƙone, jikanka da ya goya tankin kuma ya kwana da ciwon kai.

Tsutsar nan baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta fito, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, yana zuba ƙwai a ganye. Duk sa'ad da ka maimaita magani iri ɗaya, raunana ne ke mutuwa, masu taurin rai su hayayyafa. Murfi huɗu ba ya gyara wannan. Kuɗinka kawai ka zubar.

Matasa masu waya suna ta tambayata wani sabon magani da ake kira RNAi. Gaskiya ne, akwai shi. Saƙo ne da ƙwaro ke haɗiya tare da ganye, ya toshe wata ƙwayar halitta da rayuwarsa ta dogara da ita, kuma ana tsara shi don ƙwaro iri guda. Amurka ta amince da irinsa na feshi a 2023, amma na buzuzun dankalin Turawa ne. Tsutsa irin tamu ta fi wuya, ruwan cikinta yana lalata saƙon kafin ya yi aiki, masana na kan bincike. Wanda ya miƙo muku kwalba a kasuwa ya ce shi ne, ku riƙe kuɗinku.

Na san zafin ganin gona tana lalacewa, wallahi na sani. Amma murfin nan, ku bar shi yadda aka rubuta.

Ku zaga gona sau biyu a mako. Kun ga ƙwai, ku murje. Feshi da sassafe ko yamma liƙis, bakin famfon a tsakiyar masarar. Ku riƙa canza irin maganin, ba sunan kwalbar kaɗai ba. A rufe hanci, a sa doguwar riga. In rubutun ya gagara, ku kawo mini kwalbar in karanta muku.