Barkwancin Yogi Berra

Barkwancin Yogi Berra, wanda Amurkawa ke kira Yogi-isms, tarin gajerun maganganu ne da ake jingina wa Lawrence Peter Berra (1925–2015), ɗan wasan besbol kuma kocin ƙungiyoyi a Amurka. Galibinsu tufka da warwara ne: jimla ta ƙaryata kanta, ko ta maimaita abin da kowa ya sani, amma in aka juya ta sai a tarar da ma'ana a ciki. Wasu sun zama tamkar karin magana a bakin 'yan siyasa da 'yan jaridar ƙasar.

Mai maganar

An haifi Berra ranar 12 ga Mayu, 1925, a unguwar The Hill ta birnin St. Louis, inda iyayensa suka zauna bayan sun yi ƙaura daga Italiya. Daga aji takwas ya bar makaranta. Laƙabin Yogi kuwa, an ce wani abokinsa ne ya raɗa masa saboda yadda yake zama a harɗe irin na masu ibadar Indiya. Ya yi aikin sojan ruwa, yana cikin waɗanda suka halarci farmakin Normandy a Faransa a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1946 zuwa 1963 ya yi wa New York Yankees wasa, yawanci a matsayin mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu. Ya ci kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol na shekara, sau 10, abin da babu ɗan wasan da ya kai shi, an kuma zaɓe shi gwarzon American League, ɗaya daga cikin manyan gasannin besbol biyu na ƙasar, a 1951 da 1954 da 1955. Dariyar da ake yi wa bakinsa ta daɗe tana rufe wannan bajinta.

Asalin wasu maganganu

Mafi tsufa da ake yawan ambata ta 1947 ce. An shirya masa bikin karramawa a filin wasan garinsu, ya tashi zai gode wa waɗanda suka sa bikin ya yiwu, sai suɓul da baka ya sa ya gode musu da suka sa bikin "ya zama dole".

Wadda ta fi shahara ita ce "ba a gama ba sai an gama". Ana danganta ta da tsakiyar kakar 1973, lokacin yana kocin New York Mets, ƙungiyar kuma tana can baya a rukuninta. Mets ta farfaɗo ta lashe rukunin da nasara 82 da rashin nasara 79, ta kai World Series, inda ƙungiyar Oakland ta doke ta a wasa na bakwai. Maganar ta dace da besbol musamman, domin wasa ne da ba agogo ke tashinsa ba, sai an fitar da ɗan wasa na ƙarshe.

Wasu kuma suna da bayani mai sauƙi. "In ka iso inda hanya ta rabu biyu, ka bi ta" kwatance ne na gidansa a Montclair, jihar New Jersey, inda kowane reshe na hanyar ke kaiwa gidan. "Can wajen dare kan yi da wuri" kuwa inuwar da ke rufe ɓangaren hagu na filin Yankees da yamma yake nufi, wadda ke hana ɗan wasa ganin ƙwallo. Akwai kuma "kashi 90 na besbol tunani ne, sauran rabin kuma ƙarfin jiki", da "ka riƙa zuwa jana'izar mutane, in ba haka ba ba za su zo taka ba".

Shakku kan jinginawa

Ba duka ne nasa ba. Abokinsa na ƙuruciya, Joe Garagiola, wanda ya zama mai sharhin wasanni a talabijin, ya yaɗa labaransa da yawa, ana kuma ganin ya ƙara wa wasu gishiri. Maganar gidan abincin da "ba wanda ke zuwa yanzu, don ya cika cunkoso" an same ta a rubuce tun kafin a jingina masa. Shi kansa ya amsa da cewa: "Gaskiya ban faɗi duk abin da na faɗa ba", jimlar da ya ɗora a bangon littafinsa na 1998.

Casey Stengel

Kocinsa a Yankees daga 1949 zuwa 1960, Casey Stengel, yana da nasa salon, na dogon zance mai kwana-kwana. A 1958 ya yi ta zuba a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ba tare da ya amsa tambaya kai tsaye ba. Da aka juyo kan Mickey Mantle, ɗan wasan Yankees, sai ya ce ra'ayinsa kusan ɗaya ne da na Casey, zauren ya kwashe da dariya.

Rasuwa

Berra ya rasu ranar 22 ga Satumba, 2015, yana da shekara 90. A sanarwarsa ta farko, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya yi kuskure ya rubuta cewa Yogi Bear ne ya mutu, wato dabbar nan ta zane mai motsi da kamfanin Hanna-Barbera ya fitar a 1958, wadda kamfanin ya dage cewa kamancin sunan dace ne kawai.