Ku daina tambayar ƙabilar mai jini

Jama'a, akwai tambayar da ta ishe mu a ɗakin haihuwa. Mace na kwance tana zubar da jini, tafin hannunta ya yi fari fat, an sha wuya an samo ledar jini ɗaya da ta dace da ita. Maimakon a ce mu hanzarta, sai wani cikin dangi ya matso, ya rage murya: "Malama, jinin wane ne? Namu ne ko na waɗancan?" Su waɗancan ɗin kuwa, kowa da nasa. Wani Ibo ko Bayarabe yake nufi, wani Bafulatani, shi ma Bafulatanin idan tasa ce a kwance Bahaushe yake nufi. Wani kuma addini ne a ransa, kunya ta hana shi faɗa.

Haba Alhaji! Haba Inna! A wannan lokacin?

Ba a rubuta ƙabila a jikin ledar jini. Abin da ke rubuce shi ne rukuni, A ko B ko AB ko O, da alamar Rh, wato + ko − da ke bin rukunin, da ranar da aka ɗiba, da shaidar an gwada shi ba ƙanjamau, ba ciwon hanta na B da C, ba tunjere. Tun 1901 da Karl Landsteiner, likita ɗan Ostiriya, ya fara gano rukunan nan, ba a samu wani rukuni na Hausawa zalla ko na Tibi zalla ba. Ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya yana iya zama jininku bai dace ba, na mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ya dace.

Na san abin da ke ranku, kuma ban raina shi ba. Mun taso muna jin hali a jini yake, ana tsoron yarinya ta tashi da ɗabi'ar wasu. Hali tarbiyya ce da zaman gida, ba ya shiga ta allura. Jinin da aka ƙara ma ba ya dawwama, cikin wata uku zuwa huɗu jiki ya maye gurbinsa da nasa.

Kuma ba mu muka fara wannan wautar ba. A Amurka, a 1942, ƙungiyar Red Cross ta riƙa ware jinin baƙar fata daban da na Turawa, alhali Charles Drew, likitan da ya yi fice wajen tsara ajiyar jini, baƙar fata ne, kuma ya fito ya ce abin ba shi da tushe a ilimi. Sai 1950 suka daina. Idan mun ji wannan ranmu ya ɓaci, mu ce wariyar launin fata ce. To mu da muke yi wa maƙwabcinmu da muke cin kasuwa ɗaya, me za a kira namu?

Abin da ya fi ƙona mini rai, masu cewa sai jinin dangi su ne idan an ce su miƙo hannu, wannan ya ce bai karya ba, wancan ya tafi ɗauko kuɗi bai dawo ba. A tura yaro ƙauye neman kawu, ita kuwa tana ta tsiyaya. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata, kuma ba ya jiran kawu ya samu mota. Shi ma miji ba a so ya ba matarsa da ke da sauran haihuwa, don yana iya jawo matsala a cikin da za ta ɗauka gaba. Kun ga ke nan na baren da kuke gudu wani lokaci ya fi.

Allah ya saka wa waɗanda ke zuwa da kansu su bayar ba su tambayi wa za a ƙara wa ba. Muna ganinsu, ɗalibai da 'yan acaba, daga masallaci da coci.

Don Allah: mai ciki ta san rukunin jininta tun a awo. A shirya masu bayarwa kafin watan haihuwa. Idan za ku yi tambaya, ku ce "an gwada?" da "ya dace?" Mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65, da ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, bai kai rabin lita ake ɗiba ba. Namiji ya huta wata uku kafin ya sake, mace wata huɗu.